Mushe Tankari da Taubasan Tonga

Duk wanda ya zauna Guangzhou a shekarun da ake shirin wasannin Olamfik ya san Mushe Tankari, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai furfura a haɓa, wanda ke yawo da laima ko hadari ko babu, yana tsayawa gaisuwa da masu gadi da Sinanci har sai sun miƙa masa sigarin da ba ya sha. Mutumin Maraɗi ne. Mushe kuwa haka suke ce wa malamin boko a can, mu ma muka ara ba mu mayar ba.

Ya zo karatun noman rani tun lokacin da yawancinmu ba mu san Chana ba sai a gindin kwanon sha. Ya gama ya koma gida, ya tarar babu famfo babu gona, sai wani ofis mai kujera ɗaya da mutum uku ke jiran ta. Ya ɗauki matarsa Salamatou suka dawo. Ita ta buɗe tukunyar tuwo a ɗakinsu, wadda ta ceci cikunanmu daga abubuwan da ba mu san sunansu ba. Shi kuma ya yi tafinta, ya yi rakiyar marasa lafiya asibiti, ya yi sulhu tsakanin Alhazai da masu masana'anta, kafin ya faɗa cikin aikin da aka halicce shi dominsa, wato koya wa manya masu taurin kai Sinanci.

Makarantar wata 'yar ƙarama ce a wajen unguwar Baiyun, hawa na sama, ƙasanta masu gyaran waya. Mai ita wata mata ce, Madam Kuang, gajera mai tafiya kamar an ce gobara ta tashi. Mu dai Lawban muke ce mata, kamar yadda ake ce wa kowane mai shago a garin. A 2008 biza ta yi wuyar da ba mu taɓa gani ba, in ba ta ɗalibi ba, sai ga shi kowa ya tuna neman ilimi wajibi ne. Alhazan da rabonsu da benci tun ba su fara aske gemu ba suka sayi biro da jakar goyo. Ni ma ina cikinsu, kuma ba zan ce son karatu ne ya kai ni ba.

Mushe yana da dabararsa, kuma yana ji da ita. Ya ce Bahaushe ba ya buɗe baki don tsoron jarrabawa, amma ka nuna masa abokin wasansa ka ga ikon Allah. Don haka duk wanda ya shigo aji sai ya tambaye shi gari da asali. Bafillace ya zaunar da shi kusa da Babarbare, Bakano kusa da Bazazzagi ko Badamagare. Ni Bakano ne, sai ya haɗa ni da Harouna, wani Badamagare mai sayen takalma, wanda bakinsa ya fi kwantenarsa girma.

"Bon," in ji Mushe. "Harouna, kai ne mai shago. Wannan Bakanon ya zo sayen jaka. Ka tsauwala mishi. Ba Hausa, ba Faransanci, ba Ingilishi."

Kafin wata ya ƙare na iya ce wa Harouna kayansa jabu ne, farashinsa na marasa tsoron Allah ne, kuma fuskarsa ma ba ta yi kama da ta mai gaskiya ba. Shi kuma ya ƙware a kan "meyo", wato babu, har da kaɗa hannu da kau da kai irin na 'yan kasuwar Baima. Madam Kuang takan leƙo ta ga ana hayaniya kamar za a doku, ta saurara ta ji ashe da Sinanci ake yi, ta ja ƙofa ta tafi.

Ana cikin haka aka kawo mana baƙi biyu. Namijin sunansa Semisi, sai da ya karkata kafaɗa kafin ƙofar aji ta karɓe shi. Macen sunanta Lesieli, doguwa, mai dogon siket da fure a bayan kunne. Aka ce daga Tonga suke. Babu wanda ya san inda take a cikinmu, sai da Mushe ya kawo taswira ya nuna mana wasu ɗigo-ɗigo a tsakiyar teku, kamar an watsa gero a kan shuɗin zane. Wani dattijon danginsu ne mai babban kanti a can ya turo su, yana son ya samu na jikinsa da za su riƙa yi masa sayayya ba tare da tafinta ya ci rabonsa ba. Madam Kuang ta ɗauke su kamar ƙwai. Su kaɗai ne a ajin da suka zo don karatun kansa, kuma dattijon ya yi alkawarin in waɗannan sun iya, zai turo wasu.

Matsalar ita ce ba sa magana. Lesieli ta zauna can gaba jikin taga, Semisi ya zauna can baya jikin ƙofa, kamar an auna wuri mafi nisa a ɗakin an raba musu. In an tambayi Semisi sai ya dubi ƙasa ya ɗaga gira. In an tambayi Lesieli sai ta yi murmushi ta faɗi kalma ɗaya da muryar da ko sauro ya fi ta. Rubutunsu kuwa tsaf, ya fi na kowa. Mu muna ta zage-zagenmu na karatu, su suna zaune kamar masu zaman makoki a gidan biki.

Wata rana bayan an tashi, Madam Kuang ta kira Mushe ofis. Da ya fito na ga ya manta laimarsa, abin da bai taɓa yi ba. A wurin tuwon Salamatou ya faɗa mana. Madam Kuang ta ce in an gama wasanni za a yi jarrabawar baki, ita da kanta za ta zauna. In waɗannan biyun ba su yi magana ba, za ta ba wata 'yar ɗan'uwanta da ta gama kwalejin malanta ajin. Takardar zaman Mushe kuwa da sunan makarantar take. Aji ya tafi, takarda ta tafi, kuma a wannan shekarar ba a samun wata.

"Sai Maraɗi ke nan," in ji Harouna. "Kujerar nan taka wataƙila yanzu mutum biyu suka rage a layi."

Salamatou ta janye wa Harouna kwanon miya.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka zo darasin dangi: uba, uwa, wa, ƙane. Mushe ya tsaya a kan Semisi, ya nuna Lesieli, ya tambaye shi mece ce ita a wurinsa. Semisi ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce da Ingilishi, a hankali, 'yar ƙanwar babansa ce.

Na ga fuskar Mushe ta haska kamar an maido da wuta.

"Ɗan namiji da ɗiyar mace," ya ce mana da Hausa. "Jama'a, taubasai ne. Ina zaune da maganin a aljihu ina ta yawon neman shi."

Da hannunsa ya ɗauko kujerar Semisi ya kai ta jikin ta Lesieli. Ya ce Lesieli ce mai shago, Semisi ya zo ciniki. Ya ce masa ya gaya mata kayanta ruɓaɓɓu ne, ita kuma ta ce masa marowaci. Shiru. Mu kuma, da yake mutanen kirki ne, muka shiga taimako. Wannan ya jefa kalma, wancan ya jefa. Harouna ya ce, "Mushe, gaya masa ya saki jiki. A wurinmu ai matarsa ce, sai in shi ya ce ba ya so."

Mushe ya yi dariya, ya fassara musu da Ingilishi. Bai tsaya nan ba, ya ga jimla ce mai kyau, ya rubuta ta a allo da Sinanci, ya ce aji ya maimaita. Muka maimaita har da waƙe.

Lesieli ta tattara littattafanta, ta sunkuya ta ratsa ta gabanmu tana ba da haƙuri, ta fita. Semisi ya zauna gumi na zuba daga goshinsa, ga na'urar sanyi tana aiki. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Shi yana zuwa, amma ya mayar da kujerarsa har rabinta na waje.

Mushe ya rame a mako guda, shi da dama ba shi da abin ramewa. Ya ce wataƙila kunya ce ta farko, irin ta amare. Ya ce wataƙila abinci ne bai karɓe su ba. Har ya fara tambaya ko a Maraɗi ana neman masu koyar da Sinanci.

Ranar wata Asabar ina da zuwa Shiling, garin masu jakunkuna, don wani mai masana'anta ya yi mini zif ɗin da ko kallonsa ka yi sai ya buɗe. Na roƙi Mushe ya raka ni, shi kuma ya ce mu ɗauki Semisi ya sha iska. Muka ɗauki shatar mota, Semisi ya zauna gaba don bayan ba zai ɗauke shi ba.

Ba mu gama fita gari ba na ji wata murya kamar ganga tana tambayar direba da Sinanci ko yana da 'ya'ya. Na duba, Semisi ne. Direba ya amsa, Semisi ya ƙara wata. Suka shiga kifi, suka shiga tsadar mai, suka shiga wasannin da za a fara, direba yana cewa Chana za ta kwashe zinare duka, Semisi yana cewa a bar wa Tonga ko guda ɗaya don Allah. Yana kuskure, yana dariya, yana gyarawa. Da muka isa masana'anta, kafin Mushe ya gama gaisuwa Semisi ya ɗaga jaka ɗaya, ya ja zif ɗin da yatsa biyu ya rabu, ya ce wa mai wurin, "Lawban, wannan kai ma ba za ka ba matarka ba." Jimlata ce, wadda nake yi wa Harouna. Ashe duk abin da muke yi yana kwashewa.

A hanyar dawowa muka tsaya cin taliya a shagon Musulmin Chana. Mushe bai taɓa kwanonsa ba.

"Ɗana," ya ce da Ingilishinsa mai ƙanshin Faransa, "kana da wannan bakin, kake so a kore ni? Mi na yi maka?"

Semisi ya ajiye tsinken cin abinci. Ya ce a wurinsu 'yar ƙanwar uba ba abokiyar wasa ba ce, 'yar'uwa ce, kuma tana sama da shi. Namiji ba ya zama kusa da 'yar'uwarsa, ba ya wasan baki a gabanta, ba ya bari a yi maganar banza tana wurin yana wurin. Ko fim ake kallo a gida, in ta shigo shi fita yake yi. Ya ce tun ranar farko da ya ji irin karatun da muke yi ya san ba zai iya buɗe baki ba, ita ma ba za ta iya ba, don in ta yi ta kunyata shi. Maganar aure kuwa, ya ce da ƙasa ta tsage a ranar da ya gode mata.

"To don mi ba ka hwaɗa mini ba?"

"Kai malami ne, kuma babba. Ba a gyara wa babba magana a gaban mutane."

Mushe ya juyo ya dube ni. "Ka ji," ya ce da Hausa. "Ba taubasai ba ne. Surukai na zaunar a benci guda, na ce su zagi juna, na kuma rubuta a allo."

Na kwatanta a raina a zaunar da ni jikin uwar matata a ce in ce mata ɓarauniya, jama'a na tafi. Taliyar ta fita daga raina ni ma, na ɗan lokaci.

Semisi ya ƙara da cewa Lesieli ta buga waya gida, ta ce tana son komawa. Dattijon ya ce ta ƙara haƙuri kaɗan.

Akwai wata Hajiya Zeinabou a ajinmu, mutuniyar Yamai mai sayen kayan mata, wadda ke zama a bene ɗaya da Lesieli. Ita Mushe ya nema ta yi masa iso. Ya tambayi Semisi yadda ake ba da haƙuri a wurinsu, Semisi ya ce ba a zuwa hannu sake, kuma ba a tsayawa a kan mutum. Mushe ya ce wannan ai ba sai an koya masa ba. Ya ɗauki turmin atamfa daga akwatin Salamatou, da izininta ko babu ban sani ba. Hajiya Zeinabou ce ta ba mu labarin sauran. Ta ce yana shiga falo ya cire takalmi, ya durƙusa a ƙasa, ya ajiye atamfar a gaban yarinyar, ya fara jawabi da Ingilishi, ya ɓace, ya koma Faransanci. Lesieli ta rasa inda za ta sa kanta, ita ma ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa don kada ta fi malami tsawo. Shi ya ƙara duƙawa, ita ta ƙara. Hajiya ta ce da ba ta tsawata ba da dukansu sun kwanta.

Daga ƙarshe Lesieli ta fashe da dariya, ta ce masa da Sinanci mai kyau, cikakkiyar jimla, "Malam, ka tashi, gwiwarka ba ta yara ba ce."

Daga ranar aji ya canja. A cikin ɗaki sai gaisuwa, ƙirga, tambayar hanya, da karatu baki ɗaya, wanda ashe shi suka fi so, don in an haɗa murya Semisi da Lesieli sukan raba ta sama da ƙasa har 'yan gyaran waya su leƙo. Zage-zagen ciniki kuwa aka fitar da su waje. Maza mu bi Mushe rumbun masu kargo na filin jirgi, inda Harouna ya tarar Semisi ya fi shi baki. Mata su bi Hajiya Zeinabou Baima, inda aka ce Lesieli ta sa wata mai shago ta rage farashi har tana roƙon a bar ta haka. Mu dai mun ɗan yi gunaguni, don aji ba zagi kamar miya ba gishiri ne, amma muka saba.

Aka yi wasanni aka gama, kowane shago talabijin na kunne, ciniki ma sai an yi tsalle an dire ake sauraronka. Sai ga Madam Kuang da sabuwar magana. Jarrabawa bibbiyu za a yi, kuma Semisi da Lesieli tare za su shiga, don dattijon ya ce a ɗauko masa su a bidiyo ya gani da idonsa. Mushe ya yi bayani, ya sake yi. Ta ce ita ba ta hana kowa al'adarsa ba, amma mai biyan kuɗin makaranta ya ce tare, tare za a yi.

Wannan karon Mushe bai yi dabara shi kaɗai ba. Ya je ya sami Lesieli a gaban Hajiya Zeinabou, ya tambaye ta wace irin magana ce za ta iya yi da Semisi a gaban jama'a ba wanda ya ji kunya.

Ta yi ɗan tunani ta ce, "Aike. Ina aikensa."

Ranar jarrabawa ni da Harouna muka fara, muka yi cinikinmu da ladabin da ya ba mu kanmu mamaki. Da aka zo kansu, Lesieli ta zauna a kujera, Semisi ya naɗe ƙafa a ƙasa can nesa da ita. Madam Kuang ta ce ya tashi tsaye. Mushe ya ce, "Lawban, bar shi, a nan bakinsa yake." Ta ɗaga kafaɗa, ta kunna kyamara.

Lesieli ta gyara zama ta fara. Ta tambaye shi ko ya je kasuwar da ta aike shi. Ya ce ya je. Me ya sayo? Ya lissafa, kansa a ƙasa. Nawa aka ce masa, nawa ya biya? Ya faɗa. Ta ce an cuce shi, gobe ya koma. Ya ce to. Ta ce in ya dawo ya biya ta gidan waya, ya kira gida ya gaida mahaifiyarta, ya sayo lemo, kuma rigar da ya sa jiya ba ta dace da coci ba. Ya ba da haƙuri, ya yi bayanin abin da ya samu ɗaya rigar, bayani mai tsawo, da wanki a ciki da ruwan sama da maƙwabcin da ya ɗauke igiya. Lokacin da aka ba su ya wuce, ita ko alamar tsayawa babu.

"Wannan ba jarrabawa take ba," Harouna ya raɗa mini. "Da gaske take. Allah ya jiƙan wanda zai aure ta."

"Rufe bakinka," na ce, "kafin a sake rubuta ka a allo."

Madam Kuang ta gyara wa Semisi kalma ɗaya, ya maimaita. Ta kashe kyamara, ta dubi Mushe ta saman tabarau, ta ce ya kawo fasfonsa ofis ran Litinin a sabunta takarda. Ta kai ƙofa ta juyo, ta ce af, ta manta, dattijon ya bugo. In bidiyon ya yi masa, bayan sabuwar shekara zai turo wasu, maza da mata, duk 'yan gida ɗaya.

Muka taya Mushe murna, Hajiya Zeinabou har da guɗa ƙasa-ƙasa. Shi kuwa ko murmushin kirki bai tsaya yi ba. Ya kama hannun Semisi ya ja shi shagon shayin da ke ƙasa, ya zaunar da shi, ya sa aka kawo buta guda.

"Bon," ya ce. "Waɗannan masu zuwa. Fara mini daga farko, a hankali. Wa ya haifi wa?"

Na bar su don in kama la'asar. Lokacin ko 'ya'yan kakar ba su gama ba.